Injin Sassabe na Uku

Inji na biyu ya mutu ne a tsakiyar watan Mayu, lokacin da ciyawar gonar zaitun ta kai ƙugu ta fara bushewa daga sama. Abu Rashad bai kira kowa ya faɗa masa ba. Ya goge injin da tsumma, ya jingine shi a ɗakin ajiya kusa da na farko, ya ɗauko tsohon laujensa. Da 'yarsa Nuhad ta hau dutsen da ƙauyensu yake ran Asabar daga Tarabulus, inda take koyarwa a makarantar 'yan mata, a duƙe ta same shi cikin ciyawa. Abin da ya yanke tun safe bai wuce shimfiɗar tabarma biyu ba.

"Baba, ina injin?"

"Yana hutawa."

"Tun yaushe yake hutawar?"

"Kin zo da gahawar da na ce?"

Ta zo da ita. Ta tsaya da ledar a hannu tana kallon gonar. Hawa-hawa ce, kowane hawa da katangarsa ta duwatsu, daga bayan gida har gangaren rafi. Hawa biyu na sama an sassabe su tas. Sauran kuwa ciyawa ce a tsaye, iska na kaɗa ta tana wata irin ƙara kamar ana murza takarda.

Bara da zafi, bayan injin farko ya mutu, haka ciyawar ƙasa ta tsaya ba a taɓa ta ba. Wuta ta taso daga bakin hanya ta bi ta cikinta, ta cinye masa itatuwa, ta tsallaka katanga ta lashe na maƙwabcinsa Abu Nazih. Aka zauna a gidan mai unguwa. Abu Nazih bai nemi diyya ba. Abu Rashad ne da bakinsa, a gaban mutane, ya ce in watan Yuni ya sake kamawa da ciyawa a tsaye a gonarsa, to a miƙa gonar ga 'ya'yan Abu Nazih su noma, a riƙa raba mai. Babban ɗansa Rashad, wanda ke aiki a Kuwait, ya ƙarasa maganar ta waya: in haka ta faru, tsohon zai sauko Tarabulus ya zauna wajen Nuhad. Ita kuwa a hawa na huɗu na bene take, kuma duk abin da ke tsiro a gidanta tukunyar na'ana'a ce guda a bakin taga.

Ta shiga gida ta ɗora gahawa, ta kira yayan nata.

"Ya mutu kuma?" in ji Rashad. "Inji biyu cikin shekara biyu, Nuhad. Sababbi dal. Na Abu Nazih tun kafin in yi aure suke jan sa, har yau yana aiki. Wannan ba laifin inji ba ne, mutumin ne ya gaji."

"Yaya, ban ce ba."

"Ba sai kin ce ba. Ki kai shi garin Halba yau ɗin nan, ki zaɓo masa mai ƙarko, zan biya. Amma daga wannan babu wani. Kuma ki ɗauki mataccen ki sa a buɗe miki cikinsa, ina son in san me ke kashe su. In mantuwa ce ta fara kama shi, gara mu sani tun yanzu. Ke dai na san ba kya ƙarya."

Gaskiya ne, ba ta yi. Ba don tsoron Allah kaɗai ba, fuskarta ce ba ta iya ɗauka; tun tana yarinya in ta gwada, kunnuwanta ke tona ta.

Kafin gahawar ta huce ta karanta duk abin da wayarta ta iya nuna mata a kan injinan sassabe masu shan fetur. Haka take da kowane abu. Ko tukunya za ta saya sai ta san tarihinta.

Tana cusa mataccen injin a bayan mota, matar maƙwabcin, Umm Nazih, ta leƙo ta kan katanga da kwandon shanya a kafaɗa.

"Ashe rasuwa aka yi muku? Allah Ya ba da haƙuri. Shi ya sa kwana biyu ba mu ji ƙamshin suya ba."

"Suya kuma, Inna?"

"Ke dai bari. In babanki ya tayar da injin nan, duk dutsen nan yunwa yake ji. Jikokina sai su taso ni gaba wai in soya musu ƙwai."

Nuhad ta yi murmushin da ake yi wa tsofaffi in sun yi barkwanci. Ita ba ta taɓa ganin injin yana aiki ba, don ranakun da take zuwa su ne ranakun da tsohon ke ajiye aiki ya zauna da ita.

Abu Rashad ya fito cikin kwat ɗinsa ta zuwa gari, da kwalbar man zaitun a hammata. Bai taɓa sauka gari hannu rabbana ba. Ko likita zai gani, ko katin wuta zai biya, sai ya riƙe kwalba, in ya so ya ga wanda ya cancanta. Ya zauna a gaba ya ɗora ta a cinya. Har suka gama kwane-kwanen dutsen suka hau kwalta sau ɗaya ya yi magana, da ya nuna wata gona da haɓa ya ce mai ita ya kashe ƙasarsa da feshi.

Shagon Wajih yana bayan kasuwar kayan lambu. Injinan sassabe na rataye daga rufi a jere, kawunansu ƙasa, ja da kore da ruwan lemo. Uban Wajih, Salim, maƙeri ne, shi ya ƙera laujen da Abu Rashad ke yanka da shi, shi ya sa tsohon ba ya sayen komai na ƙarfe a wani wuri. Wajih ɗin ya haura arba'in, yana da tumbi da tabarau a goshi. Suka tarar ya baje abincin ranarsa a gefen teburin aiki, gurasa da farantin labna, kindirmon nan mai kauri.

"Baffa Abu Rashad! Lale. Kada dai ka ce mini ka kashe wannan ma."

"Ni ban kashe komai ba, ɗan Salim. Kai ne kake sayar da matattu suna tafiya."

"To ai shi ya sa na tara maka wasu. Malama, sannu da hanya. Me za a ba ku?"

Nuhad ta gyara tsayuwa. Ta ce ba ta son mai lanƙwasasshiyar sanda, don na gyaran tsakar gida ne, ba zai jure ciyawar dutse ba. Miƙaƙƙiya take so, mai sandar ƙarfe a ciki. Ta ce kada ya yi ƙanƙanta har ya riƙa shaƙewa, kada kuma ya yi nauyin da zai karya kafaɗar mai shekara saba'in da ɗori a kan matakalar duwatsu. Kan ya zama mai ɗaukar igiyar roba mai kauri. Ba ta son faranti mai haƙora, don gonar duk duwatsu ce, ƙarfe in ya daki dutse tartsatsi yake yi, kuma su sun riga sun ga wuta. Sannan ya zama wanda in wani abu ya lalace ana samun kayansa a nan Halba, ba sai an jira jirgi ba. Duk ta faɗe su a jere, idonta a kan teburin, tana jin kanta kamar mai ba da hadda.

"Wallahi Malama ta yi bita," in ji Wajih. "Ba ki bar mini abin faɗa ba. Baffa, ka ba ni aronta ta riƙa zama mini a shago."

"Ba za ka iya biyan ta ba."

Wajih ya sa ƙugiya ya sauko da guda uku ya jera su a ƙasa. Ya ce kowanne a cikinsu zai yi shekara goma in an riƙe shi da kyau. Sai ya sosa ƙeya.

"Sai dai fa, Malama, wanda ya mutun ma haka yake. Duk abin da kika lissafa yana da shi. Ni na zaɓa masa da hannuna."

"Shi ya sa na zo da shi. Ka buɗe mana."

Abu Rashad ya ce babu amfanin tone gawa. Aka shigo da injin aka kwantar a tebur, Wajih ya ture farantin labnarsa gefe, ya sauke tabarau kan hanci. Ya kwance fulogi ya ɗaga shi sama. Baƙi ƙirin, ga wani abu mai danƙo ya lulluɓe shi. Ya cire salansa, ya haska cikin injin da fitilar wayarsa. Nuhad ta leƙa. Cikin ya yi kama da gindin kaskon da aka shekara ana suya ba a kankare ba.

Wajih ya lakato abin da ɗan yatsa, ya shinshina. Ya sake shinshinawa. Ya dubi Nuhad, ya dubi kwalbar da ke hammatar tsohon.

"Baffa, in za ka zuba fetur, da wane mai kake gauraya shi?"

"Da mai mai kyau."

"Jan nan da na haɗa maka da shi a gora?"

"Wannan? Yana can ɗakin ajiya, da na bara da na bana, ko buɗe su ban yi ba. Abin da ban san wanda ya matse shi ba, ban san daga wane itace ya fito ba, shi zan ɗura wa inji sabo?"

"To da me..."

"Matsin farko," in ji Abu Rashad. "Na itatuwan sama, wanda ba na sayarwa. Ko baƙo ba kowa nake zuba wa ba."

Dariya ta ƙwace wa Wajih. Ya dafa tebur, tumbinsa na rawa, yana cewa, "Wayyo Allah, ya mutu a ƙoshe! Wallahi ya fi ni cin daɗi!" Sai ya ga fuskar tsohon, dariyar ta tsaya masa a wuya ta koma tari.

Nuhad ba ta yi dariya ba. Ƙwan jikokin Umm Nazih ne ya faɗo mata a rai.

"Ban ga abin dariya ba," in ji Abu Rashad. Bai ɗaga murya ba. "Duk wanda ya yi aiki a gonata, daga man gonata yake ci. Haka na tarar. Masu tsinkar zaitun da mai ake sallamar su. Mai matsa da mai yake ɗaukar rabonsa. Jakin da ya yi mana shekaru yana hawa da sauka, daga man nan ya ci. Ƙyauren gida in ya yi kuka shi nake sa masa. Gwiwar uwar wannan, har ta koma ga Allah, da shi nake murza mata. Ban taɓa ganin abin da man nan ya ɓata ba. Sai yau za a ce mini ya kashe ƙarfe?"

"Baffa, ba a ce manka ba shi da kyau ba. Cikin nan wuta ce ke ci. In ya ji wuta sai ya dahu ya kama, kamar dai..."

"Jabu kake sayarwa. Ubanka bai taɓa sayar mini da jabu ba."

Ya juya ya fita. Ta ƙofar shagon suna hango shi ya buɗe mota ya zauna, ƙafa ɗaya a waje, kwalbar a cinya.

Wajih ya goge hannu da tsumma. Ya rage murya.

"Ki yi haƙuri, Malama, bakina ne. Amma in kin ba shi na ukun nan, kafin damina zai bi 'yan'uwansa. Ko na zinariya ne."

"Na sani."

"Akwai dabara." Ya shiga ciki ya fito da wani babba, baƙi da ja. "Wannan ba a gauraya masa komai. Fetur zalla yake sha, man inji kuma ɗakinsa daban, nan ƙasa. In cika shi in ɗaure murfin da sifana yadda hannu ba zai buɗe ba. Ki ce masa sabon samfuri ne, ba ya shan mai kwata-kwata. Duk wata biyu ki kawo in canza. Shi ke nan, kowa ya huta."

Nuhad ta ɗaga injin. Ya fi sauran nauyi sosai, har sai da ta sa gwiwa. Ta tuna matakalar da ke tsakanin hawa da hawa, duwatsu ne aka kafa a jikin katanga, faɗin tafin ƙafa. Ta kuma ga kanta a tsaye a tsakar gida tana cewa ba ya shan mai, kunnuwanta sun yi ja, tsohon yana kallon ta. Ko da ya yarda, ta san abin da zai biyo baya. Zai ji tausayin injin, ya ɗan tsiyaya masa a tankin fetur ba tare da kowa ya gani ba.

Ta ajiye shi. Ba ta san me za ta yi ba. Watan ya raba, ciyawa na can a tsaye, Rashad na jiran waya, kuma amsar da ke hannunta ita ce daidai wadda yake tsammani: tsohon ne.

Wajih ya jawo farantinsa, ya yago gurasa, ya ce mata bismillah. Ta ce alhamdu lillahi. Ta tsaya tana kallon labnar, fara fat, a bushe, ko ɗigon mai babu a kanta. A gidansu ba a taɓa ajiye ta haka a gaban mutum ba.

Ta fita ta je mota.

"Baba, ba ni kwalbar."

"Wa za ki ba?"

"Mutum na cin labna gaya a ciki."

Ya dube ta kamar ta ce an yi sata a masallaci. Bai miƙa mata ba, amma da ta sa hannu ta ɗauka bai hana ba. Ta koma shagon, ta buɗe, ta zuba a farantin har man ya kewaye labnar, kore-kore, ƙamshinsa ya danne warin fetur. Da ta juyo, tsohon na tsaye a bakin ƙofa. Ya biyo ne ya ga inda mansa zai ƙare.

Wajih ya dangwala ya kai baki. Ya tauna, ya tsaya, man ya kama shi a maƙogwaro ya yi ɗan tari.

"La ilaha illallahu. Baffa, wannan kake ɗura wa inji? Ni ina nan ina cin na kanti?"

"Ka ji ɗacin nan a ƙarshe?" in ji Abu Rashad daga bakin ƙofa. "Ba a barin sa ya kwana a buhu. Ranar da aka tsinka ranar ake matsewa."

"Na ji shi har kunnena."

Tsohon ya shigo taku biyu. Nuhad ta rufe kwalbar a hankali. Akwai abin da ke mata yawo a kai tun ɗazu, ba ta tabbata zai tsaya da ƙafarsa ba in ta fito da shi.

"Baba, jakin nan da ka ambata. Mai kunne guda a yage."

"Antar."

"Antar. Na tuna ina ba shi abinci da safe kafin in tafi makaranta. Amma ban tuna ina zuba masa mai ba."

"Jaki ya sha mai? Kashe shi za ki yi? Hatsin sha'ir yake ci."

"Mu kuma ba ma noman sha'ir."

"Daga kwari ake kawowa. In kai wa mutumin garwar mai, ya ɗoro mini buhuna." Ya buɗe baki zai ci gaba, sai ya tsaya.

Wajih ya ci gaba da dangwala gurasarsa, idonsa a faranti, kamar ba ya wurin. A waje mai kankana na ta kiran masu saye. Nuhad ta ji kunnuwanta sun ɗau zafi duk da ba ƙarya ta yi ba.

Abu Rashad ya zagaya teburin. Ya leƙa cikin mataccen injin, ya daɗe yana kallo. Ya lakato danƙon ya murza tsakanin yatsu, ya goge a tsumman Wajih. Sannan ya je kan kanta inda gorunan jan mai ke jere, ya ɗauki ɗaya, ya ɗaga ta wajen haske yana juyawa.

"Wannan ne sha'ir ɗin nasa?"

"Shi ne, Baffa."

"Ba zan ba ka kuɗi a kansa ba."

"Wa ya ce ka ba ni kuɗi?"

"In an yi matsi zan aiko maka da garwa. Kai kuma duk abin da zai sha a shekara yana wuyanka. Kuma mai kyau, ba wanda kake ba mutanen kwari ba."

"Na itatuwan sama?"

"Ka ji ɗan Salim da haɗama. Na tsakiya."

"Baffa, inji ya sha na sama shekara biyu, ni ɗan mutum..."

"Shi aiki ya yi mini. Kai me ka yi?"

Suka tsaya a kan na tsakiya, da sharaɗin kwalbar yau ta zauna a shago. Daga nan tsohon ya tuɓe kwat ya miƙa wa Nuhad. Ya rataya injinan nan uku ɗaya bayan ɗaya, ya gyara ɗamara, ya riƙa kaɗa kowanne hagu da dama a tsakiyar shagon kamar mai yanka da lauje dogo, har Wajih ya janye tulin gwangwanaye daga hanya. Na farko ya ce yana rinjayar gaba. Na uku ya ce mariƙinsa na masu gajeren hannu ne. Ya ɗauki na tsakiya, mai ruwan lemo. Shi ne wanda Nuhad ta zaɓa a ranta tun da aka sauko da su, amma ba ta faɗa ba.

Wajih ya ba shi gorar awo mai zane a jiki, ya nuna masa iyakar fetur da iyakar mai. Abu Rashad ya ce shi da ya auna mai tun kafin a haifi Wajih ba sai an koya masa layi ba. Ya dai sa gorar a aljihun kwat.

Asabar ɗin da ta biyo Nuhad ba ta samu hawa ba, jarrabawa ta riƙe ta. Ta kira sau biyu bai ɗauka ba. Rashad ya turo saƙo yana tambaya, ta amsa masa cewa an sayi inji, sauran bayani sai ta je ta gani. Da daddare ta kan tsaya a taga ta zuba wa na'ana'arta ruwa, ta auna ɗakin baƙi da ido, inda gado zai shiga da inda ba zai shiga ba.

Ta hau dutsen a Asabar ta ƙarshen wata. Tun daga kwanar ƙarshe ta ga gonar ta canza launi. Katangun duwatsu sun fito fili hawa bayan hawa, an tara busasshiyar ciyawa tsibi-tsibi nesa da gindin itatuwa. Can ƙasa, bakin rafi, wani siririn layi ne kawai ya rage a tsaye.

Umm Nazih na kan katangarta.

"Kin zo? To ki faɗa wa babanki mun gode. Da ƙamshi yake tashin mu, yanzu sai wari kamar tashar mota. Ƙwai ma yaran sun daina tambaya."

Ta same shi a hawa na ƙarshe, zaune a kan katanga yana shan ruwa, wandonsa duk koren ciyawa. Injin na kwance a inuwa. Sandarsa na ƙyalli fiye da ranar da aka saye shi, ga tsumma a gefe, ga wata 'yar kwalbar man zaitun. Ta gaishe shi, ya amsa yana kallon rafi. Ta zagaya ta bayansa kamar mai duba itace, ta tsuguna, ta buɗe murfin tankin ta leƙa.

"Ja ne?" in ji shi, bai juyo ba.

"Ja ne, Baba."

"Jikinsa kawai nake shafa wa. Ko shi ma an hana?"

"Ba a hana ba."

Wayarta ta yi ƙara. Rashad ne, ta bidiyo, yana zaune cikin mota da rigar aiki. Ta juya wayar ta bi gonar da ita a hankali daga sama har ƙasa.

"Shi kaɗai ya yi wannan?"

"Shi kaɗai."

"To. Ma sha Allah." Ya gyara zama. "Waɗancan biyun fa? Kin sa an buɗe?"

Kafin ta haɗa kalmomin, tsohon ya miƙo hannu ya karɓe wayar. Ya riƙe ta dab da fuska yadda Rashad ba zai ga komai ba sai hanci da gashin baki.

"Ba sa cin abincin gidanmu ne. Irin matarka, mai soya komai da man masara."

"Baba, me? Wane abinci?"

Ya mayar mata da wayar, ya miƙe, ya rataya ɗamara. Ja ɗaya ya yi wa igiyar injin ya tashi. Nuhad ta toshe kunne guda ta haura hawa biyu inda za ta ji magana. Ta zauna a kan dutse ta faɗa wa yayanta duka, da danƙon, da gorunan da ba a buɗe ba, da garwar da za a kai wa Wajih. Ba ta rage komai ba.

Rashad ya matso da fuskarsa kusa da wayar.

"Matsin farko?"

"Matsin farko."

"Na itatuwan sama?"

"Su."

"Shekara nawa ina roƙon sa garwa ɗaya ta wannan, yana aiko mini da na ƙasa." Ya sa hannu ya rufe ido, kafaɗunsa na motsi. Da ya sauke hannun sai ya share gefen idonsa da yatsa. "Yanzu me ya rage masa?"

"Bakin rafi. Kafin azahar zai gama."

"To ki bar shi. Ki biya ta gidan mai unguwa ki ce ya zo ya gani da idonsa, kada wani ya ce wani abu daga baya."

Ta kashe wayar ta sa a jaka. Daga inda take tana ganin bayansa, ya ɗan karkata, yana kaɗa sandar hagu da dama, ciyawar na kwanciya a gabansa. In ya zo kusa da gindin itace sai ya sassauta, ya zagaye shi, ya bar ɗan abin da zai dawo ya cire da lauje. Hayaƙin na tashi shuɗi-shuɗi, iska na kawo mata shi. Wari ne dai, kamar yadda Umm Nazih ta faɗa. Ta ɗan zauna kaɗan, sannan ta tashi ta hau neman mai unguwa.